Iya Ruwa Fid Da Kai: Darasin Masu Nutso A Kogo Ga Malamin Firamare

 

Mai girma shugaban reshe, sakatare da sauran shugabannin ƙungiya, iyayenmu hedimastoci, 'yan'uwa malamai maza da mata da kuka taso daga Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. 

Da aka sanar cewa jawabin yau zai taɓo masu nutso a cikin kogo, mun ga wasu sun yi murmushi, kuma ba mu ga laifinsu ba. Teku ya yi mana nisa, kogunan da ke cikin duwatsunmu busassu ne, yawancinmu kuma a majigi kaɗai muka taɓa ganin mutum da tukunyar iska a bayansa. Ga kuma matsalolin da suka fi tsone mana ido, na ƙarin girma da haƙƙoƙin 'yan fansho da tsaron makarantu. To sai dai damina na bakin ƙofa, reshenmu kuma yana neman hanyar da wasu daga cikinmu za su sami horon farko na iyo da ceton wanda ruwa ya kama. Da muka duba su wa suka fi kowa sanin yadda ake shiri kafin a shiga ruwa mai haɗari, sai muka tarar masu nutso a kogo ne, domin su kuskure ɗaya ya ishe su. Shi ya sa muka ga ya kamata mu leƙa makarantarsu kafin mu buɗe tamu.

Bari mu fara da labarin da da yawa daga cikinmu suka bi ta rediyo. Ranar 23 ga watan Yuni na 2018, a lardin Chiang Rai da ke arewacin ƙasar Tailan, wasu yara 12 'yan ƙwallon ƙafa, masu shekara 11 zuwa 16, suka shiga kogon Tham Luang tare da mataimakin kocinsu, saurayi ɗan shekara 25. A bakin kogon akwai allo mai gargaɗin kada a shiga daga watan Yuli zuwa Nuwamba saboda ambaliya. Su kuwa a ƙarshen Yuni suka shiga, saura kwanaki kaɗan wa'adin ya fara. Ruwan sama bai jira wa'adin allo ba. Ya sauko, ya cika hanyar fita, ya yi ta tura su ciki har suka maƙale a kan wani tudu mai nisan kusan kilomita 4 daga bakin kogon. Sai ranar 2 ga Yuli, bayan kwana tara cikin duhu, wasu Turawan Ingila biyu, Rick Stanton da John Volanthen, suka iske su da rai. An fito da su ɗaya bayan ɗaya daga ranar 8 zuwa 10 ga Yuli, bayan wani likita ɗan Ostireliya, Richard Harris, ya yi wa kowannensu allurar barci don kada ya firgita a ƙarƙashin ruwa.

Mu mutanen wannan yanki mun san irin zaman da iyayen yaran nan suka yi a bakin kogo. A watan Disamba na 2020 mun ga iyaye sun yi kusan mako guda a ƙofar makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara suna jiran 'ya'yansu fiye da 300. Wanda ya ga wannan jira ba ya buƙatar a fassara masa wancan.

Abubuwa biyu muka riƙe daga labarin Tailan. Na farko, waɗanda suka gano yaran ba sojoji ba ne. Stanton tsohon ma'aikacin kashe gobara ne, Volanthen kuma masanin kwamfuta ne, amma kowannensu ya shafe shekaru masu yawa yana koyon nutso a kogo mataki-mataki. Na biyu, a cikin aikin ceton an rasa Saman Kunan, tsohon gwanin nutso na rundunar sojan ruwan Tailan, wanda numfashi ya yanke masa ranar 6 ga Yuli yana dawowa daga kai tukwanen iska. Jarumi ne, mai ƙarfi, mai kyakkyawar niyya, amma duk da haka ruwan kogo ya ci shi. Idan har mai irin wannan ƙwarewa zai halaka wajen ceto, to yaya wanda ya tuɓe riga ya faɗa ruwa don tausayi kawai?

Abin da ya bambanta nutso a kogo da nutso a tafki ko a teku shi ne rufi. A buɗaɗɗen ruwa, idan abu ya ɓaci sai mutum ya yi sama ya shaƙi iska. A cikin kogo kuwa dutse ne a samansa, dole sai ya koma ta inda ya shigo, komai nisa. Ga duhu, ga laka kwance a ƙasa, wadda da zarar an motsa ta sai ruwan ya gurɓace har mutum ya kasa ganin tafin hannunsa, ko da fitilarsa na ci. Saboda haka makarantun wannan fanni, irin na jihar Fulorida ta Amurka da na yankin Yukatan a Meziko, ba sa karɓar mutum don ya zo da kuɗi da zumuɗi. Sai ya nuna shaidar ya riga ya iya nutso a buɗaɗɗen ruwa, ya kuma amsa tambayoyi a kan lafiyar zuciyarsa da huhunsa da kunnuwansa. Darasin farko ma a tudu ake yin sa. A ɗaura igiya daga wannan itace zuwa wancan, a rufe wa ɗalibi ido, a ce ya bi ta da hannu har ya kai ƙarshe. A koya masa harba ƙafa irin na kwaɗo don kada ya tayar da laka. A koya masa tsayawa cak a tsakiyar ruwa, bai yi sama ba bai taɓa ƙasa ba. Idan an shiga kogon, a kwas na farko ba a wuce inda hasken rana yake kaiwa.

Zai yi muku daɗi ku ji cewa wanda ya aza harsashin dokokin wannan fanni ɗan'uwanmu ne a sana'a. Sheck Exley malamin lissafi ne a wata makarantar sakandare a Fulorida. Ya zauna ya bi bayanan mutanen da suka mutu a kogunan ruwa ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda muke bin takardun jarrabawa don mu gano inda yara suka fi faɗuwa, sai ya tarar kurakuran 'yan kaɗan ne, su ake ta maimaitawa. A 1979 ya fitar da wani ɗan ƙaramin littafi a kan haka, waɗanda suka biyo bayansa kuma suka cika dokokin suka zama biyar.

Ta farko, kada mutum ya wuce iyakar horon da ya samu. Ta biyu, kada ya shiga sai da igiya wadda ba ta yanke ba tun daga bakin kogo har inda yake. Ta uku, ya raba iskarsa gida uku, kashi ɗaya na shiga, kashi ɗaya na fita, kashi ɗaya kuma ajiya don shi ko abokin tafiyarsa. Ta huɗu, ya kiyaye zurfi, domin kowace mita 10 da mutum ya ƙara ƙasa, nauyin da ke danne shi yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar sararin sama gaba ɗaya, iskar tukunyarsa ta riƙa ƙarewa da sauri, kuma idan ya doshi mita 40 da iskar da muke shaƙa sai hankalinsa ya fara gushewa kamar mai maye. Ta biyar, ya riƙe fitila uku, babba ɗaya da ƙanana biyu. Bayan waɗannan akwai wata ƙa'ida da suke girmamawa ƙwarai: kowa a cikin ayari yana da ikon ɗaga babban yatsa ya ce a koma, a kowane lokaci, a kan kowane dalili, ba mai tuhumarsa, ba mai yi masa dariya. Shi kansa Exley ya rasu a 1994 a wani rami mai ruwa da ake kira Zacatón a Meziko, yana ƙoƙarin kaiwa zurfin kusan mita 300. Ruwa bai ɗaga wa wanda ya rubuta dokokin ƙafa ba ranar da ya je iyakar abin da jikin ɗan Adam zai ɗauka.

To, 'yan'uwa, mu dawo gida. Ina kogunanmu suke? Suna nan a bayan makarantunmu, sunayensu ne kawai suka bambanta. Rijiya kogo ce a tsaye, hanyar fitarta ɗaya, iskarta ƙayyadaddiya. Akwai kududdufan da masu yin tubali suka bari, da ramukan da aka ɗebi marmara don aikin hanya, da ramukan haƙar farar ƙasa a yankin Ƙanƙara, da na masu neman zinariya a dazuzzukanmu. Da rani duk a bushe suke, yara na wasan ɓuya a cikinsu, ruwan sama biyu ko uku ya mayar da su tafki mai gangaren bango da taɓo a ƙasa. Akwai madatsar ruwa ta Mairuwa, da ƙoramun da ke malala zuwa Gulbin Sakkwato, wanda tushensa yana nan kusa da Funtuwa. Akwai kuma shadda da tankin ruwa na ƙasa a cikin gidajenmu. Rashin tsaro ya ƙara dagula al'amarin, domin iyalai da yawa sun baro ƙauyukansu sun dawo gari, yaransu kuma ba su san wane kududdufi ne mai zurfi ba, ga shi su ake aike ɗebo ruwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne ruwa ya ci a duniya a shekarar 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar, kuma idan aka auna da yawan jama'a nahiyarmu ce kan gaba. Tun 2021 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 25 ga Yuli a matsayin ranar yaƙi da nutsewa a ruwa. Mu kuwa ba sai an kawo mana lissafi daga nesa ba. A tsakiyar Yuli na 2018, kwanaki kaɗan bayan an fito da yaran Tailan, ambaliya ta halaka mutum fiye da 40 a Jibiya. Ranar 30 ga Nuwamba na 2021 kwale-kwale ya kife a madatsar Watari da ke Ɓagwai ta jihar Kano, ɗauke da 'yan makarantar Islamiyya masu zuwa Mauludi, aka rasa aƙalla mutum 29. A bukukuwan ƙaramar Salla na 2022 irin haka ta faru a ƙaramar hukumar Mai'aduwa, yara fiye da goma suka tafi. Waɗannan su ne suka shiga labarai. Yaro ɗaya a kududdufi, ko magidanci ɗaya a rijiya, labarinsa ba ya wuce unguwa.

Ku ba mu dama mu faɗi ɗaya daga cikin waɗanda ba su wuce unguwa ba. A wata makaranta da muka koyar, wata damina da ta shige, wani yaronmu ɗan aji huɗu ya je wanke ƙafa a kududdufin masu tubali bayan an tashi. Santsi ya kwashe shi. Yayansa, ɗan aji shida, ya faɗa don ya ciro shi. Ƙanen ya rungume shi a wuya, kamar yadda duk wanda ruwa ya kama yake yi, suka nutse tare. Da muka isa wurin, abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne jarkoki biyu marasa komai da wata mai wanki ta ajiye a bakin ruwan, da igiyar da aka ɗaure jaki da ita a gindin wata bishiya, taku kaɗan daga inda suka faɗa. Duk abin da zai ceci yaran nan yana wurin. Yayan ya san jadawalin sau har goma sha biyu, mu muka koya masa, amma ba mu taɓa gaya masa cewa jarka tana iya riƙe mutum a kan ruwa ba, domin mu ma ba wanda ya taɓa gaya mana. Washegari muka buɗe rajista a azuzuwa biyu, muka tsallake suna biyu. Allah Ya jiƙansu, Ya sa masu ceton iyayensu ne.

Yanzu mu ɗauki dokokin nan biyar mu auna su da ruwanmu.

Iyakar horo ita ce ta farko, kuma Bahaushe ya riga Bature faɗinta da ya ce iya ruwa fid da kai. Wanda bai iya fid da kansa ba, kada ya shiga don fid da wani. Wannan magana tana da ɗaci ga uba ko wa, amma sau da yawa gawa ta biyu ta mai ceto ce. Abin da za mu koya wa yara shi ne tsari uku. A yi kururuwa a kira manya. A kwanta rubda ciki a bakin ruwa a miƙa sanda ko kara ko rawani ko zani. Idan da nisa, a jefa abin da ke tasowa a kan ruwa. Jarka mai cin lita 20, babu komai a ciki, an ɗaure murfinta tam, tana iya ɗaga nauyin kusan kilo 20 a ruwa, wannan kuwa ya isa ya riƙe kan babban mutum a sama. Masuntan Argungu sun daɗe suna kwanciya a kan gora su yi ta yawo a gulbi, hikimar ɗaya ce. Darasin kimiyya ne da za a iya nunawa da bokiti da kwalbar roba a gaban aji.

Ta biyu igiya. Duk wanda zai shiga rijiya, don yasa ko don gyara, a ɗaura masa igiya ta daban a ƙirji, ban da wadda yake sauka da ita, kuma a sami ƙarfafan mutane aƙalla biyu a sama waɗanda ba su da wani aiki sai riƙonta. Guga idan ya faɗa, ƙugiya ce maganinsa. Kada a zura yaro don ya fi sauƙin nauyi. Rijiyar da aka daina amfani da ita a cike ta ko a rufe ta da murfi mai nauyi. Duniya ta ga yadda aka yi kwanaki ana haƙa a ƙasar Maroko a Fabrairun 2022 don ceto yaro Rayan, ɗan shekara biyar, daga rijiya mai zurfin mita 32, aka kuma iske shi ya cika.

Ta uku iska da ƙarfi. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin ɗari ne oksijin. A gindin tsohuwar rijiya ko shadda, ruɓaɓɓen ganye da ƙazanta suna cinye oksijin su saki wasu iskoki masu nauyi da ke kwanciya a ƙasa. Mutum ya sauka ya yi numfashi kaɗan ya sulale ba tare da ko ihu ba, na biyu ya bi shi ya sulale, na uku ma haka, har a ce rijiyar tana da aljanu. Mafi muni shi ne zura injin ban ruwa mai amfani da fetur a cikin rijiya, domin hayaƙinsa na ɗauke da guba marar wari marar launi. Injin ya zauna a sama, nesa da bakin rijiya, tiyo kaɗai ya sauka. Idan mutum ya faɗi a ciki, kada kowa ya bi shi. A tura iska ƙasa ta kowace hanya, a kira maginan rijiya ko 'yan kwana-kwana. Rabon gida uku kuma ya shafi yaran da ke gasar ƙetare tafki, waɗanda ke ƙarar da ƙarfinsu duka a tafiya su rasa na dawowa.

Ta huɗu zurfi. Ruwan damina ja ne, ido ba ya ganin ƙasansa, kuma ramin da aka haƙa da hannu ko da katafila ba ya gangara a hankali kamar bakin gulbi, taku ɗaya ne tsakanin gwiwa da nutsewa. A auna da doguwar sanda, a kafa alama. Ga masu ƙetare ƙorama bayan ruwan sama, masana sun nuna cewa ruwa mai gudu da ƙarfi, ko da santimita 15 ne tsayinsa, yana iya kayar da babban mutum, santimita 60 kuma ya tafi da mota. Ranar da aka yi ruwa mai yawa, gara hedimasta ya riƙe yaran ƙetaren rafi awa ɗaya ko biyu har ruwan ya janye.

Ta biyar fitila. Maginan rijiya na da can sukan zura fitila mai wuta kafin su sauka, idan ta mutu su san iskar ba ta da kyau. Dabara ce mai tushe, amma tana da iyaka. Akwai gubar da wuta ke ci lafiya a cikinta, kuma a shadda ko inda ake jin warin fetur wutar na iya haddasa fashewa. Mutuwar fitila hujja ce ta hana shiga, amma cinta ba izini ba ne. Fitilarmu ta biyu ita ce idon babba. Yaron da ruwa ya kama ba ya iya ihu ko ɗaga hannu yadda ake nunawa a fim, shiru yake yi, bakinsa na shiga yana fita, kuma cikin ƙasa da minti ɗaya yana iya ɓacewa. Jariri kuwa baho ko bokitin wanki ya ishe shi.

Sai ƙa'idar ɗaga yatsa, wadda muke ganin ta fi kowacce wuya a wurinmu. Yaronmu ya fi tsoron a ce masa matsoraci a kan ya nutse. Babba ma yakan ji kunyar sauka daga kwale-kwalen da ya ga an cika shi fiye da kima. Aikinmu ne mu mayar da "na fasa" kalmar da ake yabo a kanta, mu yaba wa yaron da ya faɗe ta a gaban 'yan ajinsa.

Game da horon da muke nema, ga shirin da ya kamata waɗanda za a zaɓa su fara tun yanzu. Kowa ya je asibiti a auna jininsa, ya kuma faɗi gaskiya idan yana da farfaɗiya ko asma ko ciwon zuciya ko ciwon kunne. Wanda lafiyarsa ba ta ba shi damar shiga ruwa ba yana da babban aiki a tudu, domin yawancin ceto daga tudu ake yin sa. A fara tafiyar ƙafa ta rabin awa kullum don numfashi ya buɗe. A tanadi igiya mai tsawon mita 15 zuwa 20 da jarka da doguwar gora, a riƙa gwada jifa a filin makaranta har hannu ya faɗa. A zo da ƙanƙan da kai, domin wanda ya yi iyo a rafin garinsu yana yaro shi ya fi wuyar koyarwa. Lalle a sa malamai mata, a ware musu lokaci da wuri da mai koyarwa mace da suturar da ta dace, domin 'yan mata ne suka fi zuwa wanki da ɗibar ruwa. A zaɓi wurin da ruwansa bai wuce ƙirji ba, a kuma tambayi ma'aikatan lafiya ko yana da tsargiya. A nemi sarkin ruwa da masuntan Mairuwa su zauna da mu, sun san ruwan nan fiye da kowane littafi.

Haka kuma a dage a koyi farfaɗo da numfashi. Ƙwaƙwalwa takan fara lalacewa bayan minti huɗu zuwa shida babu iska, asibiti kuwa ya fi haka nisa ga yawancinmu. Al'adar juya yaro a kife ko danna masa ciki don ruwa ya fita ɓata lokaci ce, tana kuma iya tura amai cikin huhu. Abin da ake koyarwa shi ne a kwantar da shi rigingine, a buɗe hanyar iska, a hura masa numfashi, sannan a riƙa danna tsakiyar ƙirji sau 30 ana hurawa sau 2. Wannan sai an gwada da hannu a gaban mai koyarwa, jawabi ba ya wadatarwa. Ko ya farfaɗo, a kai shi asibiti.

Kada a ce talauci zai hana. A Bangaladash, ƙasar da ruwa ke cin yara da yawa, an kafa wani shiri mai suna SwimSafe, inda ake kewaye wani sashe na kududdufin ƙauye da gora, a yi masa dandamali, matasan garin da aka horar su koya wa yara iyo na mita 25, da tsayawa a kan ruwa na daƙiƙa 30, da ceto daga tudu. Ba su jira an gina musu wurin iyo na zamani ba.

Mun san za a ce ajali idan ya zo babu makawa. Haka ne, mun yi imani. Amma malamanmu sun karantar da mu cewa tawakkali yana tafiya ne tare da riƙo da sababi, an kuma ruwaito cewa Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, ya yi umarni a koya wa yara iyo. Wasu kuma za su ce a hana yara zuwa ruwa kawai. Mun gwada bulala shekara da shekaru, abin da ta haifar shi ne yara na zuwa a ɓoye, inda babu idon babba, idan abu ya faru kuma su gudu su yi shiru don tsoron duka.

Saboda haka muna roƙon reshe abubuwa huɗu. Kowace makaranta ta zagaya da 'yan aji biyar da shida ta rubuta duk rijiya da rami da kududdufin da ke kan hanyar yara, a miƙa wa mai unguwa da kwamitin kula da makaranta kafin ruwa ya zauna. Kowace makaranta ta rataye igiya da jarka da gora a inda kowa ya sani. A ware minti goma a taron safe, sau ɗaya a mako har ƙarshen damina, don gwada kururuwa da miƙawa da jifa. Shugabanninmu kuma su rubuta wa sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomin nan uku, da hukumar kashe gobara, da ƙungiyar agaji ta Red Cross, a nemi masu horarwa, ko da malami biyu ne daga kowace gunduma a karon farko. Ku kuma iyalanmu da za ku karanta wannan a mujallar reshe, ku duba murfin rijiyar gida yau, ku kifar da bahon wanki idan an gama.

 Abin da muka faɗa daidai Allah Ya amfanar da mu, inda muka yi kuskure Ya yafe mana. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mana 'ya'yanmu a tudu da ruwa, Ya dawo da zaman lafiya a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da ƙasa baki ɗaya.